Rantsuwar 'Yan Tabarma

Mandawari, Kano.
Cikin watan Sha'aban.

Zuwa ga ɗana Habibu, tare da gaisuwar uba da fatan alheri. Allah ya sauke ka Ikko lafiya, ya tsare ka cikin jirgi da bayan saukarka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sauƙaƙa maka baƙunta. Mahaifiyarka ta ɗaure maka kilishi da dakuwa, ni kuma na cusa wannan takarda a ƙarƙashinsu, don na san duk cikin kayanka nan ne hannunka zai fara zuwa, wataƙila ma kafin ku wuce Zariya.

Bayan haka, ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Maganar da ka kawo mini zaure ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka ce Alhajin da ya samo maka aikin akawu ya gaya maka suna da wata ƙungiyar zumunta a can, in ka isa zai shigar da kai, a ba ka rantsuwa ranar farko, daga nan ka zama ɗan uwa. Ka tambaye ni ko ka shiga. Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri, na tashi na shige cikin gida. Na ga yadda ka bi ni da ido. Ba amsa na rasa ba, nauyin faɗarta a gabanka na ji. Shi ya sa na rubuta da ajami da hannuna, don kada wani mai rubutu ya ji abin da ban taɓa gaya wa ko mahaifiyarka ba.

Ni ma na taɓa shiga irin wannan ƙungiya. Kana ƙarami a lokacin, ba ka fi shekarun fara allo ba. Zamanin yaƙi ne, cinikin fata da ƙiraga ya lalace, kantunan Turawa sai su saya yau su rufe gobe, kowa cikinmu yana kwana da tsoron karyewa. Sai Alhaji Muftahu, wanda kakanninsa suka ƙetaro hamada daga Tarabulus, ya tara wasu daga cikinmu masu wannan sana'a. Ya yi yawon duniya, ya ga yadda 'yan kasuwar wasu garuruwa suke haɗa kai. Kowace Alhamis bayan La'asar muna hawa soronsa, a rufe ƙofa, a dafa shayi. Tabarma guda ce babba, mai kuɗi da mai neman na cefane duk a kanta ake zama, don haka mutanen gari suka sa mana suna 'Yan Tabarma, mu ma muka karɓa.

Kada ka ɗauka taron banza ne. Na ga alherinsa da idona. Rumfar wani ta ƙone, kafin toka ta huce an tayar masa da wata. Wani ya kwanta ciwo wata da watanni, tukunyar gidansa ba ta taɓa sauka ba. Ni kaina da majema suka ɓata mini kaya masu yawa, 'yan uwan nan ne suka riƙe ni har na miƙe. Na faɗi wannan tun farko don kada ka ce tsoho ya tsufa ya fara zagin rijiyar da ya sha.

Wanda ya kai ni shi ne aminina Tukur. Ba za ka tuna shi sosai ba, amma ka san wansa, Malam Garba, limamin masallacin unguwarmu, wanda ya fara rubuta maka allo. Ranar da na shiga, aka rufe ƙofa, aka ce in yi alwala, aka ɗora hannuna a kan Alƙur'ani. Alhaji Muftahu yana faɗa ina maimaitawa. Na rantse ba zan fitar da maganar tabarma waje ba. Na rantse zan fifita ɗan tabarma a kan kowa, a ciniki da shaida da duk wata hidima. Sannan na rantse zan bi ƙa'idojin ƙungiya, waɗanda na sani da waɗanda za a sanar da ni nan gaba.

Ka sake karanta wannan na ƙarshe. Ni da ba na sayen fatar akuya ɗaya sai na juya ta ciki da waje, na ɗaga ta a rana na duba ko ƙwaro ya taɓa ta, ni ne na yi cinikin biri a sama da littafin Allah a ƙarƙashin hannuna. Na ji zuciyata ta ɗan tsaya a wurin, amma dattawa suna kallona, shayi yana ƙamshi, Tukur yana murmushi, sai kunya ta ja bakina. Wannan shi ne kuskurena na fari. Habibu, in aka ce ka rantse, ka nemi a gaya maka kalmomin tun kana waje, ka tafi da su gida ka kwana a kansu. Kunyar minti ɗaya ta fi sauƙi a kan abin da ni na ɗauka.

Ba a daɗe ba magana ta fara yawo a gari. Ka san Kano, ƙofa ba ta rufuwa a kan mutane kowane mako a ƙyale su. Wasu suka ce muna da dodo a soron Alhaji Muftahu. Wasu suka ce da ƙoƙon kan mutum muke shan shayi. Wani mai wa'azin kasuwa ma ya kafirta mu gaba ɗaya, alhali bai san ko fuskokinmu ba. Waɗannan duk ƙarya ne, dariya kawai suke ba mu.

Malam Garba kuwa bai taɓa faɗin ko ɗaya daga cikinsu ba. A wajen karatun azumi ya yi maganarsa, cikin sanyin murya kamar yadda ka san shi, bai kama sunan kowa ba. Ya ce taimakon juna ibada ne, amma bai san taimakon da yake bukatar a rufe ƙofa ba. Ya ce rantsuwa a kan abin da mutum bai sani ba wasa ne da sunan Allah. Ya ce kuma duk alkawarin da zai sa ka fifita wani a kan gaskiya wajen shaida, ko ka ware wasu Musulmi ka ce su ne 'yan uwanka ban da saura, wata rana zai sa ka zalunci wanda ba ka yi niyyar zalunta ba. Ina zaune a sahun gaba, kunnuwana suka yi zafi kamar da ni kaɗai yake.

Alhamis ta zagayo, muka hau soro kowa da abin da ya ƙunso. Alhaji Muftahu mutum ne mai karatu, ya jawo ayar taimakekeniya cikin alheri, ya ce ai 'yan ɗariƙa ma suna da shehunsu da caffarsu, wato mubaya'ar da suke yi masa, da wuridin da ba kowa ake ba ba, me ya sa ba a ce musu komai? Ɗanjuma dillali, wanda ba ya buɗe baki sai an yi dariya, ya ce Malam haushi yake ji don ba a gayyace shi shayi ba, a aika masa da buta ɗaya a ga in wa'azin bai canja ba. Muka ƙyalƙyale har da buga cinya. Tukur bai yi dariya ba, bai kuma kare wansa ba, ya dai sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

Mutum ɗaya ne ya yi maganar hankali, wani dattijo da muke kira Baba Sule, wanda ya fi mu duka ƙarancin jari. Ya ce maganar dodo da ƙoƙon kai a bar ta, iska za ta kwashe. Amma maganar Malam Garba daban ce, a gayyato shi ya zauna a kan tabarmar nan, a karanta masa rantsuwar, abin da ya ce ya saɓa a cire. In alheri muke yi, me za mu rasa? Aka ce masa ai wannan kansa karya rantsuwa ne. Bayan 'yan makonni ya daina zuwa, ba faɗa ba zagi, kuma har ya rasu yana gaisawa da kowa cikinmu da fara'a. A lokacin ce masa muka yi matsoraci.

Ni kuwa na fi kowa zafi, don na fi kowa jin maganar ta taɓa ni. Akwai dalili. Kafin wannan wa'azi da kwanaki, wani maƙwabcinmu ya tambaye ni a kan wasu ƙiraga da wani ɗan tabarma zai sayar masa. Na san ƙwaro ya shige su. Na tuna rantsuwa, na ce ban duba su sosai ba. Mutumin ya saya ya yi asara, har yau yana gaishe ni da mutunci don bai sani ba. To ka ga Malam bai yi ƙarya ba, kuma na san bai yi ba. Maimakon in yarda, sai na haɗa shi da masu maganar dodo na ɗaure su dami ɗaya, duk wanda ya tayar da zancen in ce ai dukansu hassada ce. Na daina salla a bayansa, ina tsallake masallacin ƙofar gida in tafi har Gwale. Sannan na cire ka daga makarantarsa. Ka yi kuka ranar, ka tambayi mahaifiyarka laifin da ka yi. Ba ka yi komai ba, ɗana, ubanka ne yake fushi da gaskiya.

Wannan kuskure na biyu ya fi na farko sauƙin faɗawa, don haka ka kula. Duk ƙungiyar da ka shiga, ko ta zumunta ko ta sana'a ko ta siyasar nan da ta cika gari yanzu, za a soke ku. Cikin masu sukar akwai maƙaryata, kuma su ne za su fi yi maka daɗi, don ƙaryarsu za ta zame maka garkuwa. Ka tsame maganar mai gaskiya daga cikin tarkacen ka dube ta ita kaɗai. In ka ji 'yan uwanka sun bar maganar sun koma kan mai maganar, ana cewa hassada ce, ko yunwa ce, ko bai waye ba, to ka san amsa ce ta ƙare musu. Na zauna cikin masu wannan dariya, na san yadda take da daɗi.

Yanzu ga abin da ya hana ni yi maka magana a zaure.

Tukur ya kwanta ciwon ciki, ya daɗe yana jinya, ya rame ƙwarai. Duk tsawon jinyar Malam Garba yana zuwa safe da yamma, mu ma muna zuwa, in mun haɗu a ƙofa a gaisa sama-sama. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, da hantsi ne, Malam ya tafi ɗaurin aure wani ƙauye bayan Ƙofar Ruwa. Aka tura masa mai keke. Kafin ya iso, Alhaji Muftahu ya ja mu gefe ya sanar da mu wata ƙa'ida da ba mu taɓa ji ba, don Tukur ne na farko da ya rasu a cikinmu. Ya ce ɗan tabarma 'yan tabarma ne suke ɗaukarsa, daga ƙofar gida har kabari, ba a ba kowa. Ya ce yau gari zai ga abin da ake nufi da zumunta. Wallahi a lokacin abin ya yi mini kyau, na ga kamar girmamawa ce ga aminina.

Malam ya iso an riga an yi wanka an sa likkafani. Shi ya yi wa Tukur salla. Ana sallamewa muka rufa wa makarar muka ɗaga. Ni na kama gaba ta hannun dama.

Ka san yadda ake yi a garin nan. Ba wanda yake riƙe makara ya daɗe. Ka yi 'yan taku, wani ya sa kafaɗa ka zame, wani ya karɓi wancan, har wanda bai san mamacin ba in ya gamu da ita a hanya yakan ajiye kayansa ya ɗan taɓa don neman lada. Ranar kuwa mutane suna matsowa muna toshewa, ɗan tabarma kaɗai yake karɓar ɗan tabarma. Na ji ƙananan maganganu suna tashi a baya, na yi kamar ban ji ba.

Mun kusa Goron Dutse sai na ji hannu a kan itacen makarar, dab da kunnena. Malam Garba ne. Ya yi tafiyar ƙauye da ƙafa, rigarsa ta jiƙe da gumi. A hankali ya ce mini, "Kawo, Bashir."

Na ce, "Malam, namu ne."

Ban ɗaga murya ba, amma na kusa sun ji. Ya dube ni, ya janye hannunsa ya koma baya. Haka ya bi gawar ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, kamar baƙon da ya zo wucewa. A bakin kabari ma mu muka saukar da shi. Abin da Malam ya samu kawai shi ne ƙasar da ya zuba.

Tun kafin mu baro maƙabarta na san na yi ɓarna. Wajen zaman makoki ba wanda ya zage mu, da ma an zage mu da ya fi sauƙi. Dattawan unguwa suka dinga karɓar gaisuwarmu da ka kawai. Bayan wannan ƙungiyar ba ta sake yin armashi ba. Wasu suka tsaya a kan cewa daidai muka yi, har yau akwai mai faɗin haka. Ni dai na ga ba zan iya sake zama a kan tabarmar ba. Na je wurin wani malami a wata unguwa inda ba a san ni ba, na tambaya, ya ce rantsuwar da za ta kai ga cutar da wani karya ta ake yi a yi kaffara. Na yi. Na dawo salla a masallacinmu, ina tsayawa a sahun baya in fice kafin a gama addu'a. Amma in je in durƙusa gaban Malam, girman kai ya hana ni, daga baya kunya ta karɓi aikin. Kai ka girma har ka yi gemu ina cikin wannan hali.

Ba zan ce maka ƙungiyar Alhajinka irin tamu ce ba, ban san ta ba, kuma ba na son in zama kamar mai wa'azin kasuwar nan. Na kuma san abin da yake jan ka. Baƙo yana tsoron ya kwanta ciwo ba mai leƙo shi, ya mutu ba mai ɗaukarsa. Tsoro ne na gaskiya, ba na raina shi. Amma akwai mutanenmu a Ikko, suna da masallaci da limami, ka fara kai kanka can kafin ko'ina. In Alhaji ya matsa, ka ce masa cikin ladabi ubanka ya ce sai ka ji rantsuwar tukuna ka nuna wa malami. In sun yarda, alama ce mai kyau, ka duba da idonka ka yanke. In sun ce ba a ji sai an shiga, ka yi musu godiya ka tsaya a waje. In hakan zai ci aikin, ya ci. Ka hau jirgi ka dawo, ba wanda zai yi maka dariya a gidan nan, fata kuma ba ta ƙare a Kano ba, sai dai ka yi haƙuri da warinta.

Tambayarka ce ta tayar da ni. Na ga ba zan ba ka shawara a kan abin da ni ban gyara ba. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko, na tafi zauren Malam Garba. Ka san idonsa ya yi rauni yanzu, da murya yake gane mutane. Na yi sallama, ya ce, "Bashir ne? Shigo." Na zauna a ƙasa, na faɗi abin da ya kawo ni, bakina yana harɗewa kamar yaron da bai iya haddarsa ba. Ya bar ni har na gama. Ya ce ya yafe tun ranar, kafin ya kwanta, don ba ya son Tukur ya kwana a kabari ana riƙe da wani saboda shi. Ya tambaye ni labarinka, ya ce kana da kaifin kai, ya yi maka addu'a mai tsawo.

Na ji sanyi, na fara haramar tashi. Sai ya ce in dakata, akwai abin da ya daɗe yana son ya tambayi ɗaya daga cikinmu.

Ya ce, "Yana da nauyi?"

Ban gane ba da farko. Ya ce, "Tukur. Ni na goya shi yana yaro, har Dala nake hawa da shi a bayana, ƙato ne tun yana ƙarami. Ranar nan na so in ji yadda ya koma."

Na ce masa ba shi da nauyi, Malam, ciwo ya cinye shi, kamar yaro muka ɗauka. Ya gyaɗa kai, ya ce haka ya yi zato. Da aka kira La'asar, na kama hannunsa muka tafi masallaci.

Ya yafe mini, Habibu, na kuma yarda har zuciyarsa ya yafe. Amma abin da na hana shi ba ni da inda zan samo in mayar masa. Kafin ka ɗora hannunka a kan littafin Allah, ka tambayi kanka wa za a ce ka ture, don ba za a gaya maka sunansa ranar rantsuwa ba.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare imaninka da mutuncinka, ya ba ka abokan da ba za ka ji kunyar nuna su ga kowa ba. Ya kiyaye ka a kan hanya da kan ruwa da cikin mutane, ya dawo mana da kai lafiya muna raye. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka rubuto wa mahaifiyarka da zarar ka sauka.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Bashir.